LAMBAR BANKI DA LAMBAR ASUSU: MINE NE AMFANINSU?

Bayan girbi samari da yawa suna tafiya cin-rani. Wasu suna Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu har Amurka. In sun samu, sai su aiko da kuɗi gida. Ƙungiyoyin manoma ma, in sun saida albasa ko wake ga babban ɗan kasuwa, sau da yawa ta banki ake biyansu. A nan ne ma'aikaci yake cewa: "Malam, kawo lambarka." Wanda bai san wace lamba ake nufi ba, sai ya koma gida hannu banza.

Wasiƙa ba ta zuwa sai an rubuta ƙasa da gari da sunan mai ita. Haka kuɗi suke. Lambobin banki su ne adireshin kuɗi.

ASUSU IRI BIYU NE

Na farko shi ne asusun yau da kullum. Shi ne na masu albashi da ƴan kasuwa da ƙungiyoyi. Kuɗi suna shiga suna fita. Mai shi yana iya samun littafin shek, ya rubuta ma wani ya je ya karɓa.

Na biyu shi ne asusun ajiya. Shi ne na mai tattali, wanda ke tara kuɗin taki, ko na biki, ko na ranar rashin lafiya. Ana ba mai shi littafin ajiya. Ba a ba shi littafin shek.

Mutum guda yana iya buɗe su duka biyu a banki guda. To, kowane asusu da lambarsa. Lambar bankin ce kawai ba ta sakewa.

LAMBAR NIJAR

Ƙasashe 8 ne suke da babban banki guda, wato BCEAO, mai cibiya a Dakar. Su ne Benin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisawo, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Dukansu tsarin lambarsu guda ne. Ana rubuta ta cikin wata ƴar takarda da ake kira RIB. Bankin mutum ne ke ba shi ita.

RIB tana da gurbi 24, an raba su kashi 4:

Kashi na 1, gurbi 5: lambar banki. Tana farawa da haruffan ƙasa. Na Nijar su ne NE. Sauran lambobi 3 suna nuna ko wane banki ne.

Kashi na 2, gurbi 5: lambar reshe. Ita ke nuna inda aka buɗe asusun, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai.

Kashi na 3, gurbi 12: lambar asusun mutum shi kansa. Ba wanda ke da irinta a bankin.

Kashi na 4, gurbi 2: mabuɗi. Ba sa shi aka yi da ka ba. Lissafi aka yi da sauran lambobin, aka fitar da shi. In an kuskure lamba guda, lissafin ba zai faɗa daidai da mabuɗi ba, sai na'ura ta ƙi karɓa. Mabuɗi mai gadi ne.

Tun shekarar 2014, BCEAO ta hana bankunan waɗannan ƙasashe karɓar lada don buɗe asusu ko don ba da littafin ajiya.

IN KUƊI ZA SU FITO DAGA WAJE

Wanda ke Abijan ko Kwatano, RIB ta ishe shi ya aiko ma gida. Amma wanda ke nesa, kamar Faransa ko Amurka, sai an ƙara masa abu biyu.

Na farko ana ce masa IBAN. Ita ce dai RIB, amma an sa mata NE da lambobi 2 a gaba. Gurbi 24 sun zama 28.

Na biyu ana ce masa SWIFT ko BIC. Shi ne sunan banki tsakanin bankunan duniya. Gurbinsa 8 ne ko 11. An kafa ƙungiyar SWIFT a ƙasar Beljik a 1973.

LAMBAR NAJERIYA

A Najeriya lambar asusu gurbi 10 gare ta. Ana kiranta NUBAN. Babban bankin ƙasar ya fito da ita a 2010. Lamba ta ƙarshe ita ce mai gadi. Mai aika kuɗi can sai ya faɗi lambar, ya kuma faɗi sunan bankin.

LAMBAR AMURKA

Bankuna dubbai ne a Amurka. Don kada shek ɗin wannan banki ya ɓace zuwa wancan, ƙungiyar masu bankunan ƙasar ta fito da wata lamba a 1910. Lambar hanya ce, don ita ke nuna hanyar da kuɗi za su bi. Gurbinta 9. Huɗu na farko suna nuna yanki, don babban bankin Amurka ya kasu yanki 12. Huɗu na biye suna nuna bankin. Ta 9 ita ce mai gadi.

Ana buga ta a ƙasan shek, wajen hagu. Lambar asusu tana biye da ita. Yawanci asusun yau da kullum da asusun ajiya lambar hanyarsu guda ce, in banki guda ne. Manyan bankuna kuwa suna iya samun lambar hanya fiye da guda, gwargwadon jihar da aka buɗe asusun.

Bankunan Nijar ba su da wannan lamba. In ɗa ya kira daga Amurka yana tambayarta, abin da za a ba shi shi ne IBAN da SWIFT, da cikakken sunan mai asusu.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

1. A roƙi RIB a banki, a adana ta tare da katin ɗan ƙasa, inda ruwa da gara ba su kai.

2. In za a kwafe lamba, a bi ta gurbi-gurbi, a ƙirga. In ba su cika 24 ba, akwai kuskure. A lura da 1 da 7, da kuma 6 da 9.

3. Sunan da aka ba mai aikawa ya zama daidai da na katin ɗan ƙasa. Laƙabin gida ba ya aiki a banki.

4. A faɗa ma mai aikawa ko wane asusu ake so kuɗin su shiga. Kuɗin ƙungiya su shiga asusun ƙungiya, ba na shugaba ko na ma'aji ba. Wannan yana hana zargi da faɗa.

5. RIB ana ba da ita ga wanda zai biya mutum. Amma lambar sirri ta katin cire kuɗi, mai gurbi 4, ba a ba kowa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarta ta talho. Wanda duk ya kira yana neman ta, ɓarawo ne.

6. In kuɗi ba su iso ba, mai aikawa ya riƙe takardar shaidar da aka ba shi. Da ita ake bin sawunsu. Kuɗin da suka faɗa asusun wani suna da wuyar dawowa.

Wanda ya iya karanta lambobi yana duba takardarsa da idonsa, ba sai ya miƙa ta ga baƙo a ƙofar banki ba. In wani abu ya shige masa duhu, ya tambayi ma'aikacin da ke ciki. Matambayi ba ya ɓata.