Jariran da suka tsallake rijiya da baya: ta yaya za a ƙirga su?

Shekara da shekaru ana auna lafiyar jarirai da ma'auni guda, wato nawa suka rasu cikin kwana 28 na farko. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya jarirai 39 cikin kowane 1,000 ba sa kai wannan wa'adi, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne kada adadin ya wuce 12 nan da 2030. Yanzu kuwa hankalin masana ya fara karkata ga jariran da suka kusa mutuwa amma suka sha da ƙyar.

Tunanin ya samo asali ne daga ɓangaren mata masu haihuwa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar gane matar da ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, sai likitocin yara, musamman a Brazil da Afirka ta Kudu, suka nemi irinta ga jarirai. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Waɗanda suka tsira sun fi waɗanda suka mutu yawa, saboda haka darasin da ke cikinsu ya fi yawa. Ma'aikata ma sun fi sakin jiki su faɗi inda aka yi jinkiri idan ba gawa ake bincike a kai ba.

Ƙa'idar da aka fi bi tana da ƙafa biyu. Ta farko tana duba jaririn: nauyi ƙasa da giram 1,750, ko bakwainin da bai cika mako 33 ba, ko makin Apgar (makin da ake ba lafiyar jariri bayan haihuwa) ƙasa da 7 a minti na biyar. Ta biyu tana duba abin da aka yi masa, kamar sa shi a na'urar numfashi, ƙarin jini, maganin jijjiga ko tiyata.

A ƙafa ta biyun nan gizo ke saƙar. Asibitin da ba shi da na'urar numfashi ba zai taɓa rubuta cewa ya sa jariri a kanta ba, don haka a takarda sai ya fi asibitin koyarwa kyan sakamako. Ta farkon ma tana bukatar sikeli mai kyau, da sanin makonnin ciki, da ma'aikacin da zai tsaya ya ba da maki. Binciken na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti, kuma a Arewa maso Yamma abin bai kai haka ba. Jaririn da ya faɗo a hannun ungozoma bai yi kuka ba, daga baya ya farfaɗo, babu rajistar da ta san da shi.

Duk da haka ƙirgen yana da ranarsa. Yaron da ya sha wuyar numfashi ko shawara mai tsanani yana iya tashi da matsalar ji, ko ta tafiya, ko farfaɗiya, kuma idan sunansa na rubuce za a iya bibiyarsa da wuri. Abin da bai kamata ba shi ne a gwada asibiti da asibiti da waɗannan alƙaluma ba tare da duba kayan aikin kowanne ba. Ga ƙananan cibiyoyin lafiya, mafarin aikin shi ne sikeli, da rubuta makin Apgar, da lissafa kowane jariri da aka tura babban asibiti.