Yadda Ake Ƙirga Gaɓoɓin Kalmomi Da Yawa Lokaci Guda A Python

Mai koyon Python a waya, ta manhajar Pydroid 3 ko Termux, kan rubuta fankshin mai ƙirga gaɓoɓin kalma ɗaya, ya yi aiki lafiya lau. Da zarar ya ba shi jerin kalmomi, sai kuskure ya cika allo. Gyaran ba shi da wuya.

Hausa ta sauƙaƙa wannan aiki, domin kowace gaɓa tana ɗauke da wasali ɗaya ne, ko tagwan wasali irin "ai" da "au". Saboda haka ƙirga rukunin wasula daidai yake da ƙirga gaɓoɓi:

```
import re

def kirga(kalma):
    return len(re.findall("[aeiou]+", kalma.lower()))
```

Alamar + ita ke haɗe wasulan da ke manne da juna, shi ya sa "aiki" ke ba da 2, ba 3 ba.

To, ina matsalar take? An gina fankshin ɗin ne don kalma ɗaya. Idan aka tura masa jeri, Python zai fitar da AttributeError, domin jeri ba shi da lower(). Dole a raba jimlar, a riƙa miƙa masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

```
kalmomi = "Yara sun tafi makaranta".split()
adadi = [kirga(k) for k in kalmomi]
```

Sakamakon shi ne [2, 1, 2, 4], kuma sum(adadi) zai ba da 9.

Hanya ta biyu ita ce list(map(kirga, kalmomi)). A nan sunan fankshin kawai ake rubutawa, ba tare da baka a gabansa ba, domin map ne zai riƙa kiransa. Idan aka manta list(), Python 3 ba zai nuna lambobin ba, sai dai sunan map da adireshinsa a ƙwaƙwalwa.

Akwai tarko guda da ya shafi Hausa. Masu share alamomin rubutu kafin ƙirga sukan haɗa da alhamza, alhali ita baƙi ce. Idan ta tafi, "sa'a" ta koma "saa", gaɓa 2 ta zama 1, "jama'a" kuma ta sauko daga 3 zuwa 2. Python ba zai yi ƙorafi ba, lissafin ne kawai zai lalace a ɓoye.

Wannan ƙirga na taimaka wa marubutan waƙa wajen daidaita tsawon layuka. Sai dai ba ya bambance gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tunda rubutun boko ba ya nuna dogon wasali. Awon karin waƙa yana buƙatar kunne.