Daga Kogin Kwara Zuwa Bakin Teku

Mutumin Birnin Kudu ya san da damina kogi yake cika, da rani ya janye. To, teku kuwa kowace rana sau biyu yake cika, sau biyu ya janye.

Bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, akan kai wata gyaɗar Baro, bakin Kwara, a loda ta a jirgin ruwa. Tilas mai jirgi ya tashi tun kogi na cike, wajen watan Satumba, don kada ya kafe bisa yashi. Ya wuce Lakwaja, ya gangara har tashar Burutu.

Can kuma manyan jirage su karɓi kaya, amma ba su fita sai teku ya ciko, gama tudun yashi ya tare bakin kogi. Wanda ya yi gaggawa ya kafe da dukiyar mutane.