Jinkirin jijiya da saurin waya: kyankyaso da robo

A nan muna son mu kwatanta yadda dabba da robo suke sarrafa labari, kuma za mu fara da batun sauri. A 1850 Helmholtz ya auna gudun saƙo cikin jijiyar kwaɗo, ya samu wajen mitir 30 a sakan ɗaya. Jijiya mafi sauri a jikin ɗan Adam ba ta wuce mitir 120 ba. Saƙon lantarki kuwa cikin waya yana kusantar gudun haske. Da sauri ne kaɗai ma'auni, da na'ura ta daɗe da yi wa dabba nisa.

Amma dubi Shakey, robon da aka ƙera a cibiyar bincike ta Stanford a Amurka tsakanin 1966 da 1972. Duk abin da kyamararsa ta gani sai an kai shi ga kwamfuta ɗaya, ta zana taswirar ɗakin, ta tsara hanya, kana ƙafafun taya su motsa. Sau da yawa tunanin ya fi tafiyar ɗaukar lokaci.

Kyankyaso ba haka yake ba. A ƙarshen cikinsa akwai ƴan tsinkaye biyu masu gashi, waɗanda ke jin motsin iska. Da zarar kwaɗo ya kawo farmaki, iskar da ya turo takan kaɗa gashin, wasu manyan jijiyoyi su kai saƙon ga ƙullin jijiyoyi na ƙirji, wanda ake kira ganglion da Faransanci, ƙafafu su juya kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya cika. Ƙwaƙwalwa tana iya ƙara wa gudun ƙarfi ko ta rage shi, amma ba a jiran umarninta. Hakazalika a 1911 Graham Brown ya nuna cewa lakar kyanwa tana iya haifar da musayar taku ba da saƙo daga ƙwaƙwalwa ba. A ganinmu, jinkirin jijiya ne ya tilasta wannan rabon aiki.

Irin wannan tsari Rodney Brooks na MIT ya gabatar a 1986. Robonsa mai ƙafa shida, Genghis (1989), yana tafiya da ƙananan da'irori 57, kowace da ɗan aikinta, babu taswira ko ɗaya.

Sai dai kamancin yana da iyaka. Injiniya ne ya ɗaura da'irorin Genghis, kuma yadda ya ɗaura su haka suke zama. Mahaɗar jijiyoyi kuwa tana ƙarfafa ko ta yi rauni gwargwadon amfani da ita, shi ya sa kyankyason da aka yi ta hura wa iska yakan rage zabura.