Yadda Ɗalibi Ya Auna Harshen Mutanen Birni da Tambaya Ɗaya

Kundin digiri na biyu ko na uku bincike ne da ɗalibi kan gudanar a ƙarƙashin kulawar gogaggen malami. Aikin malamin shi ne ya taimaka a taƙaita tambaya har ta zama abin da za a iya aunawa, sa'an nan ya tsananta bin diddigin hanyar da aka bi. Wasu na zaton nazarin harshe ba ya buƙatar irin wannan tsari, sai dai aikin William Labov ya isa ya kawar da wannan zato.

Labov ya shafe kimanin shekara goma yana aikin haɗa tawada a masana'anta kafin ya shiga Jami'ar Columbia da ke New York a 1961, inda Uriel Weinreich ya zama mai duba aikinsa. Tambayarsa ita ce: shin matsayin mutum a cikin al'umma yana bayyana a furucinsa? A birnin, wasu na furta baƙin r a ƙarshen gaɓa, wasu kuwa suna haɗiye shi, kuma masana da dama sun ɗauka abin ba shi da ƙa'ida.

A 1962 ya zaɓi manyan kantuna uku: Saks na masu hannu da shuni, Macy's na matsakaita, da S. Klein na masu ƙaramin ƙarfi. Yakan tambayi ma'aikaci inda ake sayar da wani kaya wanda ya riga ya san yana hawa na huɗu. Amsar ita ce "fourth floor", kalmomi biyu masu r. Sai ya yi kamar bai ji ba, ma'aikacin ya maimaita a tsanake. Dabarar tana nan: amsa iri ɗaya daga bakin kowa, sau ɗaya cikin sakewa, sau ɗaya cikin lura, tamkar gwajin da aka kulle dukkan sharuɗɗansa in ban da guda.

Ya tattara amsoshin mutum 264. A Saks kashi 62 cikin ɗari sun furta r ko da sau ɗaya, a Macy's kashi 51, a Klein kuwa kimanin ɗaya bisa biyar. Hanyar tana da rauni, domin ba a ɗauki murya da na'ura ba, kuma shekarun mutanen ƙiyasta su ya yi da ido. Saboda haka ya haɗa da doguwar hira da mazauna unguwar Lower East Side.

Ya kammala kundin a 1964, aka buga shi a 1966, ya zama ginshiƙin ilimin walwalar harshe. A 1986 aka maimaita gwajin kantunan. Masu furta r sun ƙaru, amma jerin matsayin bai sauya ba.