Dajin Adar: gani ya kori ji

Matafiyin da ya bar babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a mararrabar Tsarnawa, ya nufi arewa zuwa Tawa, yakan ratsa Badagishiri cikin mota, ya leƙa ta taga ya ga baƙaƙen duwatsu dama da hagu, ya ce a ransa ƙasar nan ba ta da kome sai dutsi da ƙaya. Wannan hukunci ne na mai gaggawa. Wanda ya sauka daga mota, ya kwana a garin, ya fita da sassafe da ƙafarsa, zai tarar da daji mai rai, kuma zai gane cewa mafi yawan itatuwan da yake gani hannun manoma ne ya mayar da su bayan sun ɓace.

Daga fadama zuwa kan dutsi

Badagishiri yana cikin gundumar Illela, a jihar Tawa, a tsakiyar ƙasar Adar. Tsarin ƙasar hawa uku ne, kuma mai tafiya a ƙasa yana iya ratsa su duka tsakanin asuba da hantsi.

Hawa na farko shi ne fadama, inda ruwan damina yake bi yana kwantawa. A nan ake noman dawa, da rani kuma a yi lambunan albasa da tumatir da kabewa. A nan ne manyan itatuwa suke: gawo da bagaruwa da tsamiya. Gawo ice ne mai abin mamaki, don yana zubar da ganyensa da damina, ya bar hatsi ya sha rana, sa'an nan ya yi kore shar da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, ƴaƴansa kuma su zama abincin bisashe. Saboda wannan amfani ne sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suka tsananta horo a kan mai saransa.

Hawa na biyu shi ne gangaren dutsi. Nan tafiya takan yi wuya, tsakuwa tana zamewa ƙarƙashin ƙafa. Itatuwan wurin gajeru ne masu jimirin ƙishirwa: aduwa, magarya, anza, geza da sabara. Wanda ya duba da kyau inda ruwa ya zaizaye gangaren zai ga ƙasa jeri-jeri, wata fara wata rawaya, wani lokaci kuma ya tsinci ƙwanson halittun ruwa da ya zama dutsi. Masana ilimin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wannan yanki. Farin dutsin da tekun ya bari shi ne ake haƙa a Malbaza ana yin siminti da shi.

Hawa na uku shi ne saman dutsi, fili shimfiɗaɗɗe mai marmara da baƙar tsakuwa. Daga nan ido yana kaiwa nesa ƙwarai. Mutum yakan hangi ƙauyuka da rumbunan ƙasa masu kama da tuluna, da garken shanu suna gangarawa mashaya, da fadama ta miƙe kamar koren rawani a tsakanin duwatsu.

Namun da suka tafi da waɗanda suka saura

Wajibi ne a faɗi gaskiya: wanda ya zo Adar don ganin manyan namun daji ya makara. Zaki da jimina da raƙumin dawa sun bar ƙasar tun da daɗewa, barewa ma ta yi wuyar gani. Sunayensu sun saura a tatsuniya da kirarin mahalba. Dalilan sanannu ne: bindiga ta maye gurbin kwari da baka, gonaki sun cinye saura, jama'a da bisashe sun ƙaru, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma duka, a 1996 saura 49 kawai, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka tsare su sun hayayyafa sun kai ɗaruruwa, har a 2018 aka ɗauki 8 aka kai gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955. Wannan ya nuna naman daji yana komowa idan aka bar shi ya huta.

Amma ƙananan namu suna nan ga mai haƙuri. Da sanyin safiya zomo yakan zabura daga gindin sabara, kurege ya tsaya bisa ƙafafunsa na baya yana kallo kafin ya shige rami. A kan rairayin ƙorama ana ganin sawun dila da na bushiya, waɗanda suka yi yawonsu da dare. Damo yakan fito shan hantsi da damina. Tsuntsaye kuwa su suka fi yawa: zabin daji da fakara cikin ƙaya, kurciya da hasbiya bisa gawo, cilakowa mai lanƙwasasshen baki, da shaho yana shawagi a kan gangare. Shamuwa takan iso daga kudancin Afirka gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa cikin itatuwan gari. Manomi ba ya taɓa ta, don ita ce mai bushara da damina, kuma tana rage masa fara a gona.

Dajin da hannu ya mayar

Bayan farin 1984 saman duwatsun Illela ya zama fako, ƙasa mai tauri kamar daɓe, wadda ruwa ba ya shiga. Ko da ma ruwan shekara a nan bai cika wuce milimita 500 ba, sa'an nan ɗan abin da ya sauka sai ya kwarara da ƙarfi zuwa fadama, yana haƙa kwazazzabai yana binne gonaki da rairayi. Magidanta da yawa suka tafi cin rani, wasu ba su komo ba.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. A shekarar nan kuma aka buɗe aikin raya karkara na Keita, arewa maso gabas da Badagishiri, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun da aka jera a gangare don tare ruwa, kuma cikin kusan shekara 20 aka dasa itatuwa wajen miliyan 18. Tun kafin wannan, daga 1975, mutanen fadamar Majiya a gundumar Buza suka fara dasa dogon yaro jeri biyu-biyu don kare gonaki daga iska, har jerin ya kai ɗaruruwan kilomita.

Mutanen Illela kuwa, hanyarsu ta fi sauƙi. A 1989 wani aiki da asusun raya noma na duniya ya tallafa wa ya kai waɗansu manoman gundumar, maza da mata, ƙasar Yatenga a Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki a ciki, a shuka hatsi idan ruwa ya sauka. Da suka komo gida sai suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Wannan ita ce tassa. Ramin bai fi taƙi ɗaya faɗi ba, ana tara ƙasarsa ta gefen gangare don ta tare ruwa. Gara takan zo cin taki ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. Zuwa 1998 an farfaɗo da wajen hekta 9,000 a gundumar ta wannan hanya da ta ramukan rabin wata, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya hau da kimanin mita 14 tsakanin 1994 da 2004, mata suka buɗe lambuna.

Abin da ya shafi mai yawon daji shi ne wannan: takin da ake zubawa cikin tassa yana ɗauke da ƙwayoyin itatuwan da bisashe suka ci. Sai gawo da aduwa da kalgo suka riƙa tsirowa tare da gero, manomi ya bar su ya yi musu aski. Inda ice ya tsaya tsuntsu yana samun masauki, inda ciyawa ta fito zomo yana samun maɓoya. Saboda haka duk inuwar da baƙo ya zauna ƙarƙashinta a saman dutsi, ya sani da gumin wani aka same ta.

Tabkuna da baƙin tsuntsaye

Wanda yake da kwana biyu ko uku ya kamata ya haɗa da tabkuna. Yamma da Illela akwai tabkin Ɗan Dutsi, wanda ya cika da ruwan saman 1974, bayan babban fari, ya zama mashayar tsuntsaye da wurin su. A 2005 aka sa shi, tare da tabkin Tabalak, cikin jerin dausayoyin da duniya ta yarda a kiyaye. Wajen Birnin Ƙonni kuma akwai madatsun ruwa na Mozage da Cerasa, masu shayar da gonakin rani. Da sanyi ana tarar da balbela da zalɓe da kirinjijiya, tare da ƙananan agwagi da tsuntsayen bakin ruwa waɗanda suke gudo wa hunturun Turai, su ƙetare bahar da hamada su sauka a nan, su koma kafin bazara.

Ladubban shiga daji

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, wato daga Oktoba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi yana iya halaka mutum bisa dutsi, da damina kuma ƙorama takan cika farat ɗaya ko da ba a yi ruwa a wurin ba.

Baƙo ya fara zuwa gaisuwa wurin maigari, ya tambayi hukuma halin da hanya take ciki, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. Makiyayi ko tsohon mahalbi ya fi kowa sanin sawu da sunan kowane ice da maganin da ake yi da shi. A ɗauki ruwa isasshe, a sa rufaffen takalmi, kada a cusa hannu ƙarƙashin dutsi, don kububuwa da kunama nan suke fakewa. Kada a taka tassa ko a rushe jerin duwatsu, kada a ɗebi ƙwan tsuntsu, kada a jefa guntun taba cikin busasshiyar ciyawa. Dokar 1998 ta hana farauta ba da takardar izini ba, dokar daji ta 2004 ta hana saran itatuwan da aka kare sai da yardar ma'aikatan gandun daji, kuma wata doka ta 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan icen da ya raina a gonarsa.

Aiki ga malamai da shugabanni

Tun 1975 ake dashen itatuwa ranar 3 ga Agusta a ƙasar Nijar, amma dashe bai isa ba idan yaro bai san abin da ake dasawa ba. Akwai ƴan makaranta a Tawa da Ƙonni da suka san sunan giwa a littafi, ba su iya rarrabe geza da sabara. Malamin makaranta yana iya fita da ɗalibansa safiya ɗaya zuwa gangaren dutsi, ba tare da kashe ko dala ba. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci suna iya zama da tsofaffi su rubuta sunayen itatuwa da namu da tsuntsayen ƙauyensu, waɗanda suke nan da waɗanda suka ɓace, tun masu sanin suna da rai. Shugabannin gundumomi kuma su sauka daga mota su taka ƙasar da suke mulki, don wanda ya hau dutsi da ƙafarsa ya ga abin da tassa ta yi ba zai yi sakaci da mai saran ɗanyen ice ba.

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da dajin garinsu yau, shi ne zai tsare shi gobe. Allah ya kawo damina mai albarka, ya raya abin da aka dasa.