Zaman Jiran Jirgi a Ƙofar Antaktika

Tun da asubar fari saƙon yake shigowa: an ɗage tashin jirgi da awa 24. Mutum ya riga ya ɗaure kaya, ya yi sallama da iyali ta waya, sai ya koma ya ja bargo. Gobe ma haka, jibi kuwa sai abin da hali ya yi. Irin tarbar da birnin Christchurch na ƙasar New Zealand yake yi wa masana kimiyya ke nan, waɗanda ke kan hanyar zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙuryar kudancin duniya.

Tun 1955 Amurkawa suka mai da wannan birni zangonsu na ƙarshe. Daga nan zuwa tasharsu ta McMurdo tafiyar kimanin kilomita 3,800 ce, akasarinta a kan teku. Babban jirgin soja samfurin C-17 yana cinye ta cikin awa biyar, ƙaramin LC-130 mai takalman sulɓi kuwa sai ya kai awa takwas. Filin da za a sauka ma ba kwalta ba ne, dusar ƙanƙara ce aka daddanne ta yi tauri. Idan hadari ya rufe shi, babu wani gari kusa da za a raɓa. Shi ya sa akan tashi, a yi awa uku ko huɗu a sama, labari ya zo cewa yanayi ya ɓaci, matuƙi ya juya akalar jirgi a koma inda aka fito. Mutanen wurin suna kiran wannan bumeran, sunan sandar farautar nan ta 'yan asalin Ostareliya wadda kan komo wa mai jifa da ita. Har wata 'yar jaka ake sa kowa ya ware, mai ɗauke da kayan sawa na kwana biyu ko uku, domin manyan jakunkuna suna nan ɗaure cikin lodi, ba mai kwance su.

Duk wanda ya taɓa kwana a filin jirgin Kano saboda hazon hunturu ya san ɗanɗanon abin. Sai dai na Antaktika ya fi mugunta. Idan farin gajimare ya lulluɓe sama, ƙasa kuma fara fat, haske yakan watsu ta kowace fuska har inuwa ta ɓace. Tudu da kwari su zama ɗaya, ido ya kasa raba sama da ƙasa, alhali babu ko ƙura a gabanka. Ranar 28 ga Nuwamba 1979 wani jirgin 'yan yawon buɗe ido na Air New Zealand ya afka wa dutsen Erebus, kusa da McMurdo, mutum 257 suka rasu. An sauya bayanan hanyar jirgin a kwamfuta ba da sanin matuƙa ba, wannan farin haske kuma ya ɓoye musu dutsen da ke gabansu. A ganina, duk wanda ya san wannan labari ba zai ga baiken masu hasashen yanayi ba idan sun ce a dakata.

To, me mutum zai yi da ranakun da suka faɗo masa haka? Ba dama ya yi nisa, don ana iya kira kowane lokaci. Oktoba lokacin fitar furanni ne a Christchurch, don haka da yawa sukan nufi lambun itatuwa na tsakiyar gari, a bakin kogin Avon, suna shaƙar ƙamshi kamar masu guzuri. Guzurin ne kuwa, domin inda za su babu itace ko ɗaya, babu ciyawa, kuma daga ƙarshen Oktoba rana ba za ta sake faɗuwa ba sai cikin Fabrairu. Duhun dare ma abin bankwana ne.

A bakin wannan kogi akwai mutum-mutumin Kyaftin Robert Falcon Scott, wanda matarsa Kathleen ta sassaƙa da farin dutse. Shi ne Baturen Ingilan da ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Lyttelton, bayan tsaunukan garin, a 1910. Ya isa tsakiyar ƙuryar kudu a Janairun 1912, ya tarar Roald Amundsen na Norway ya riga shi da wata guda da 'yan kwanaki, ya kuma mutu a hanyar dawowa tare da abokan tafiyarsa huɗu. Girgizar ƙasar Fabrairun 2011, wadda ta kashe mutum 185, ta kayar da mutum-mutumin ya karye a ƙafafu, sai a 2017 aka sake tsayar da shi.

Abin dariyar yana kusa da filin jirgi. Dab da inda ake raba wa matafiya jar rigar sanyi da manyan takalma, akwai cibiyar baje kolin Antaktika mai wani ɗaki da ake kunna guguwar ƙanƙara ta inji. 'Yan yawon buɗe ido suna biyan kuɗi a kaɗa su da iska ta 'yan mintoci, masanan da guguwar gaske ta tsare suna zaune a waje suna shan shayi.

Amma a zuci ba hutu suke yi ba. Kakar aiki gajera ce, daga Oktoba zuwa Fabrairu, kuma wani aikin ba ya jiran kowa. Mai nazarin dabbobin ruwan nan da ake kira sil yana so ya riski haihuwarsu, wadda ke kankama a Oktoba. Mai aiki a kan daskararren teku dole ya gama kafin ƙanƙarar ta yi laushi wajen Disamba. Mutum ya shafe shekaru yana neman kuɗin bincike, aka ba shi mako shida a fili, ga shi yana ƙirga su suna zubewa a ɗakin otal. A Oktoban 2018 guguwa ta hana jiragen buɗe kaka tashi har kusan mako biyu.